Abin da Na Bari a Hanyar Wadai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Mamman na Zakka zuwa ga ɗansa Na-Inna, wanda ke zaune a Batsari yana jiran abokan tafiya Makka. Gaisuwa mai yawa, da fatan ka tashi lafiya, kai da masu masaukinka. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya kai ka Ɗakin nan nasa da Annabi Ibrahimu ya gina, ya dawo da kai garinku da ƙafafunka. Matarka Binta da yara suna lafiya, suna gaishe ka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, don kwana uku da rabuwarmu babu abin da ya sauya. Ranar da ka durƙusa gabana a zaure kana neman gafara, yadda duk mai niyyar Makka yake yi, na ce na yafe maka duniya da lahira, alhali ni ya kamata in nemi taka. Ban nema ba. Shi ya sa na jiƙa tawada.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Mahaifiyarka ba ta mutu a gabana ba, kuma ban binne ta ba. Da ranta na bar ta a wani ƙauye a ƙasar Wadai, yau shekara ashirin da shida, na ce mata ina dawowa, ban koma ba. Ko tana raye yanzu, Allah kaɗai ya sani. Roƙona gare ka shi ne ka fasa bin ayarin Agadas, ka bi ta gabas ka neme ta.

In ka ga dama ka ajiye takardar nan ka fita ka sha iska. Duk abin da zuciyarka ta faɗa a kaina, na cancanci fiye da shi. Amma ka dawo ka ƙarasa karantawa, don masu raƙuma ba za su jira ka huce ba kafin su nemi amsarka.

Hanya biyu ce ke kai mutumin ƙasarmu Makka, ka sha jin wannan a bakina. Ta arewa tana fita daga Katsina zuwa Agadas, ta ratsa hamada ta ɓulla Masar, daga can a bi ayarin Misirawa. Hanyar raƙumi ce da salkar ruwa, Buzaye ke ja-gaba, kuma in an yi sa'a ba ta cin shekaru da yawa. Ta gabas kuwa ta talakawa ce. Ana bi ta Kano a shiga Barno, a haye kogi a Bagarmi, a ratsa Wadai da Fur da Kurdufan har bakin Nilu, a gangara Sawakin a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Da ƙafa ake yin ta da jaki. Inda damina ta riske ka nan za ka tsaya ka yi noma, ka ci, ka yi guzuri, ka ƙara gaba. Wani ya yi shekara uku a kanta, wani bakwai, wani ya yi gida a hanya ya hayayyafa. Ta nan na tafi, ta waccan na dawo.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Ina da shekara ashirin da biyar, na sauke Alƙur'ani, na ɗan taɓa littattafai, sai na ga babu wanda ya kai ni son Allah daga Zakka har Safana. Kai kuwa watanka biyu da yaye. Kakarka Inna, wadda ta rene ka har aka laƙaba maka sunanta, ta zaunar da ni ta ce, "Mamman, yaron ga jiya-jiya aka cire shi a nono. Ɗakin ga yana nan tun zamanin annabawa, ba tashi zai yi ba. Bari yaron ya yi wayo tukuna." Na ce mata rai ba ya jira. Na kuma ce da mahaifiyarka zan tafi, wai don ita ma ta samu ladan. Gaskiyar ita ce kishi ne ya hana ni barin ta. Yarinya ce kyakkyawa, ban so ta zauna shekaru a garin nan ba na nan. Ba ta musa mini ba. Ta miƙa ka ga Inna ta juya da sauri, kuma har muka wuce Kano tana ɗaure ƙirjinta da zane saboda nonon bai gama ƙafewa ba.

Don haka, ɗana, duk abin da za ka yi a tafiyar nan ka tsaya ka tambayi kanka dalilinsa na gaskiya, wanda ba ka faɗa wa mutane. Ni ban taɓa yi ba, kuma ina da bakin malamai, kowace son zuciya tawa ina iya samo mata hujja.

Na biyu, na zaɓi madugu don saurinsa. Sunansa Tanko, dogo ne, ba ya gajiya, ba ya waiwaye. Akwai wani ayarin na tsofaffi da mata da ya tashi daga Kano mako guda da namu, na raina su, na ce waɗannan sai jikokinsu su isa. Muka yi damina ɗaya a ƙasar Barno ina ƙwadago a gonar wani Babarbare, ita tana daka tana sussuka a gidansa. Da kaka muka samu jaki. Ka san abin da na ɗora wa jakin? Kanwa da baƙin zane, don an gaya mini kuɗin wuri ba sa ciwuwa gaba da Barno, sai dai musaya. Maganar gaskiya ce, kai ma ka riƙe ta: ka nemi allurai da zane da barkono, su ne abin cinikinka a gabas. Amma ni na cika bayan jakin da kaya har babu wurin zaman mutum. Mahaifiyarka ta taka daga Barno har Wadai da tukunya a kanta, ni ina gaba da carbi ina hira da Tanko.

In za ka shiga ayari, kada ka dubi na gaba, ka je ƙarshen layi ka ga wa ke can, ka ga kuma ko madugu yana aikowa a duba shi. In kana da dabba, mutum ya fara hawa kafin kaya.

Yanzu na zo kan yadda na bar mahaifiyarka. Kwana huɗu bayan mun bar babban birnin Wadai muka sauka a wani ƙauye na mutanenmu da suka yada zango a hanya suka zauna. Zangon Goriba suke ce masa. A nan kurkunu ya fito wa mahaifiyarka a idon sawun hagu. Ka san kurkunu, ka gan shi a ƙafar mutane a nan gida. Ba a yi masa gaggawa. Ana naɗe kansa a tsinke, kullum safe a murɗa kaɗan, in ya tsaya a ƙyale shi sai gobe, ko da zai ɗauki wata biyu. Wata tsohuwa Bazazzaga, Iya Dije, wadda ta ba mu ɗaki, ita ke murɗa mata. Kwananmu tara a garin sai Tanko ya ce jibi za a tashi, don a ratsa Fur kafin rijiyoyi su ƙafe.

Da safe Iya Dije ta tafi ɗebo ruwa. Na zauna gaban mahaifiyarka, na ɗora ƙafarta a cinyata, na kama tsinken. Na san ba a ja. Tun ina yaro na sani. Ta dube ni ta ce, "Malam, a hankali." Na murɗa sau ɗaya ya biyo, na murɗa na biyu ya biyo, sai na ce a raina ashe tsohuwar nan ce ke da sanyin jiki. Na ja. Ya tsinke a ciki.

Kafin la'asar ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta yi kamar taɓarya, zazzaɓi ya rufe ta. Da Iya Dije ta ga guntun a tsinke ba ta tambayi wanda ya yi ba. Mahaifiyarka ce ma ta ce, "Ni na motsa, Iya." Na ji ta faɗa, na bar ta da laifin.

Washegari tsohuwar ta kira ni bayan ɗaki. Ta ce, "Ɗan nan, ka zauna ka yi damina da mu. Ga fili nan, ga iri zan ba ka. Baɗi wani ayarin zai zo, kullum suna zuwa."

Na ce na yi niyya, kuma niyyar Ɗakin Allah ba a karya ta.

Ta ce, "To in ba za ka zauna ba, ka yi abin da maza ke yi a nan. Ka tara shaidu ka sa mata wa'adi. Shekara uku, in ba ka dawo ba, igiyarka ta sauka daga kanta. Hanyar nan na ga abin da take yi wa mutane."

Wannan ita ce al'adar masu tafiya, kuma adalci ce. Amma ni sai na ji kamar ta zage ni. Na ɗaga murya na ce ita wa ta aike ta ta raba ni da iyalina, ko ta riga ta yi wa wani alkawarinta ne? Mahaifiyarka ta jiyo mu daga ɗaki. Ta kira tsohuwar da muryar da da ƙyar take fita, ta ce, "Iya, bar shi. Tun da Malam ya ce yana komowa, yana komowa." Da na shiga sallama ta ce mini, "Ka tahi lahiya. Ina nan inda ka bar ni. In ka isa ka roƙa ma yaron ga albarka." Kai take nufi. Ba ta taɓa kiran sunanka ba, ɗan fari ne kai, kunya ba ta bari.

Na bar mata rabin kanwar da zane biyu. Jakin na tafi da shi.

Na lura ba ka sa wa Binta wa'adi ba, ni kuma ban tuna maka ba, don da na tuna maka sai ka tambaye ni ko ni na yi. Ka yi yanzu. Ka samu mutum biyu a Batsari su shaida, ka ba wanda ya kawo maka takardar nan saƙon ya dawo da shi. Ba rashin so ba ne. Ka bar mata ƙofa a buɗe, in Allah ya dawo da kai kafin lokacin babu abin da ka rasa.

Na isa Makka a shekarar da ta biyo. Ba zan yi maka ƙarya a kan wannan ba: da na ga Ɗakin sai na yi kuka irin na yara. Na roƙa maka albarka kamar yadda ta ce. Bayan an sauko daga Arfa ciwon ciki ya kwantar da ni wata guda, na tashi ƙashi da fata. Mutanenmu na gabas suna shirin komawa Jidda su haye, sai wani Balarabe ɗan kasuwa ya ce yana neman mai kula masa da raƙuma zuwa Masar, daga can kuma yana da kaya da za su ratsa hamada har ƙasar Hausa. Na zauna na jera wa kaina dalilai. Ba ni da ƙarfin takawa. Ba ni da guzuri. In na isa gida na murmure sai in ɗauki jaki biyu in je in taho da ita cikin mutunci. Duk dalilan nan gaskiya ne, amma ba su suka sa ni bin Balaraben ba. Tsoro nake ji in je in tarar da kabari, ko in tarar da ita tana jan ƙafar da na lalata, ta kuma tarbe ni da fara'a. Na biyun ya fi ba ni tsoro.

In ka ji zuciyarka tana jero maka kyawawan dalilai na kauce wa wurin da ka ce za ka koma, ka tashi a take ka kama hanyar wurin, tun kafin ta gama jerowa.

Shekara shida cif bayan fitarmu na shigo Zakka a kan raƙumin aro. Gari ya fito. A lokacin babu wanda ya taɓa zuwa Makka ya dawo a duk ƙauyukan nan, tsofaffi suna shafa rigata suna shafawa a fuska. Kawunka Sule, yayan mahaifiyarka, ya taho daga Safana ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya kutsa cikin mutane yana leƙen bayana, ya ce, "Alhaji, ina ƙanwata? Tana baya ne?"

Da a ce mu biyu ne, wataƙila da na faɗi gaskiya. Amma ga jama'a, ga sunan da aka kira ni da shi karo na farko a garinmu. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya yi mata rasuwa a Wadai, zazzaɓi ne, ni na sa ta a kabari da hannuna. Aka yi salati. Aka shimfiɗa tabarmi, na zauna kwana uku ina karɓar gaisuwa. Aka dama gumba aka raba sadaka. Kana da shekara takwas, kana zaune kusa da ni ba ka san ni ba, aka ba ka gumbar ka ci, ka ce a ƙara maka. Ni na miƙa maka ƙarin.

Daga ranar hanyar komawa ta toshe, don wanda ya binne matarsa ba ya ɗaura wa jaki kaya ya ce zai je ɗauko ta. Na sha rarrashin kaina da cewa in ta kai ƙara alƙali zai raba auren bayan 'yan shekaru, ta yi wani. Mai yiwuwa haka aka yi, ina roƙon Allah ya sa haka aka yi. Amma na san wadda na aura, kuma na ji abin da ta ce a ɗakin nan.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Duk wanda ya yi niyya a ƙasar nan wurina yake zuwa neman shawara, ni ne Alhaji. Kowa ya zo sai in kushe masa gabas, in ce 'yan fashi, in ce yunwa, in ce cuta, in yabi arewa. Ba don komai ba sai don kada wani ɗan Zakka ko Safana ya sauka a Zangon Goriba ya ji wata mata tana tambayar labarin gida. Cikin waɗanda na tura arewa har da wani dattijo da matarsa, waɗanda ko kusa ba su dace da hamada ba, da sun bi gabas a hankali wataƙila da sun isa. Ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Kai ma da ka zo mini da maganarka bara, abin da na gaya maka ke nan, ɗan cikina. Ka zubar da duk abin da na faɗa maka a kan hanyoyin nan. Kowacce tana kashewa, kowacce tana kaiwa. Ta gabas ta fi tsawo, amma akwai mutane a kanta, akwai gona, akwai inda mara lafiya zai kwanta.

Jiya na je Safana wurin kawunka. Idonsa ya yi rauni yanzu, da muryata ya gane ni, ya sa aka kawo mini fura. Na faɗa masa duka, a gaban limaminsu. Ya saurara har na gama. Can ya ce, "Shekara ashirin ina yi mata addu'ar matattu. Uwarmu ta mutu tana cewa za ta tarar da ita can." Sannan ya ce, "Mi kake so in yi maka yanzu?" Na ce shaida nake so. Na rubuta takardar sakinta a gabansu, shi da liman suka shaida, ita ce ƙaramar da ke naɗe cikin wannan. Da na miƙe ya ce, "Tahi, Mamman. Ka ce ma yaron in ya same ta ya ce Sule yana nan, ɗakinta na gidanmu ba a rushe ba." Furar tana nan inda aka ajiye ta na fito.

Ga yadda za ka neme ta. Daga babban birnin Wadai ka fuskanci gabas kwana huɗu. Ƙauyen yana bakin wani rafi da ke ƙafewa da rani, goriba ta yi masa layi, akwai duwatsu biyu daga arewa, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. A can duk mutumin ƙasarmu Takari suke ce masa, ka tambayi unguwar Takari. Iya Dije ba za ta kai yanzu ba, amma za a san gidanta. Sunan mahaifiyarka Hauwa, sai dai a ayari Ta-Zakka ake kiranta, da shi za ka fi saurin samunta. Gajeriya ce, tana da wushirya irin taka. In garin ya tashi, ka bi zangon gaba da na gabansa kana tambaya, mutanenmu ba sa mance wanda ya zauna cikinsu.

In ka tarar ta yi aure tana da 'ya'ya, ka gode wa Allah, ka gaishe da mijinta da ladabi, ka ƙona ƙaramar takardar. In ka tarar da kabari, ka tambayi wanda ya yi jinyarta ka yi masa alheri, ka zauna ka yi mata addu'a da sunanta. In kuwa ka same ta zaune ita kaɗai, kada ka fara da ba ta haƙurina, kada ka fara da takardar. Ka durƙusa ka gaya mata ko kai wane ne, ka bar ta ta dube ka iyakar son ranta. Sauran maganar ta biyo baya ko bayan kwana nawa ne. Kada ka gyara mini labarin, ka gaya mata har gumbar. Kuma in madugunku ya ce jibi za a tashi, ita kuwa ba ta shirya rabuwa da kai ba, ka bar ayarin ya tafi. Ka nemi fili ka yi shuka.

Ba na sa ran ganin dawowarka. Ƙirjin nan nawa ya gaya mini tun sanyin bara, kuma hanyar da nake tura ka doguwa ce. Saboda haka ba don in ji amsa na aike ka ba. Abin da ta ce, in ta ce wani abu, zan ji shi a inda za mu tsaya ni da ita.

Allah ya kiyaye ka daga ƙishirwa da zazzaɓi da mugun abokin tafiya. Allah ya sanyaya maka ƙasa a ƙarƙashin ƙafarka, ya buɗe maka ƙofofin mutanen kirki, ya haye da kai kogi da teku lafiya. Allah ya sa ka same ta da rai, ya sa ta gane ka. In ka isa Arfa ka yi mata addu'a, ka yi wa Inna, ka yi wa kawunka, ka yi wa dattijon nan da matarsa. In ka zo kan sunana ka ji bakinka ya yi nauyi, ka tsallake shi, ba ka da laifi wurina ko wurin Allah.

Na bar ka a hannun wanda ajiyarsa ba ta ɓata. Wassalamu.

Mahaifinka,
Mamman na Zakka